Jan Layin Duba-gari da Albasar Baba Mande

Na haura shekara ashirin ina rubuta manhaja, amma har gobe idan na zauna wajen mai shayi a Mafara sai an sami saurayin da zai leƙo kwamfutata ya ce ai wannan yanzu ba aiki ba ne. Wai na'ura ke rubutawa, na'ura ke dubawa, mutum danna maɓalli kawai yake yi ya karɓi godiya. Ba na musu da su, don kallon kitse suke wa rogo. Amma tunda kun matsa sai na faɗa muku, ku gyara zama in ba ku labarin shekarar da na bi maganar na'ura mai dubawa sau da ƙafa, har ta kai ni inda ban so ba.

Aikin farko da maigidana Malam Isiyaku ya ba ni, ba a kan kwamfuta na yi shi ba. Shi tsohon ma'aikacin wata masaƙa ne a Kaduna, da ta rufe ya dawo gida ya buɗe shagon buga takardu. Kwamfutarsa ɗaya tal, kuma ta masu kawo wasiƙa ce, ba ta ɗan koyo ba. Wata shida na yi ina rubuta yaren kwamfuta da ake kira C a littafi da biro. Zai ɗora yatsa a kan layi ya ce, "Tsaya nan. Kwanon ga, mi ke ciki nai yanzu?" Idan na yi inda-inda sai ya rufe littafin ya aike ni sayen man janareto. Kwano yake kiran duk inda manhaja ke ajiye abu, kuma a wurinsa wanda bai san abin da ke cikin kwanonsa ba bai isa ya ɗora tukunya ba.

Abu biyu daga karatunsa sai kun riƙe su kafin ku gane abin da ya same ni. Na farko, akwai kwanon lamba, wanda ke ɗaukar kowace lamba, akwai kuma kwanon e-ko-a'a, wanda 'yan sana'a ke cewa buliyan. Shi wannan abu biyu kaɗai ya sani, ɗaya ko sifili. A tsohon C da aka koya mini babu shi ma, da kwanon lamba muke yi, sifili a'a ne, duk abin da ba sifili ba e ne. Na biyu kuwa jimla mai gurbi. Kun ga katin ɗaurin aure da ake bugawa a bar wurin suna a buɗe? To haka ake rubuta saƙo sau ɗaya, a sa %s inda suna zai shiga, a sa %d inda lamba za ta shiga, manhaja ta riƙa cikewa.

Aikin da ya fi daɗewa a hannuna na wata ƙungiyar manoman rani ne, masu shan ruwan madatsar Bakolori ta wani ƙaramin reshe da ya taso daga wajen Mafara ya nufi ɓangaren Bakura. Reshen yana da ƙofofi, ƙofofin kuma suna hannun mutum ɗaya, Garba mutumin Dosara. Kullum cikin rigima ake. Mutanen saman reshe su ce Garba ya hana su ruwa, mutanen ƙasa su ce kwandon tumatir aka kai masa. Da abin ya ishi shugaban ƙungiya, Alhaji Bawa, sai ya kira ni. Na rubuta musu manhajar da kowace safiya za ta aika wa Garba saƙo a waya, ƙofa kaza lamba kaza, ta kuma sanar da kowane manomi ranar ruwansa. A gaban kwamiti aka ja wa Garba kunne cewa daga yau waya zai bi, idan ya sa kansa a ciki ya ajiye makulli. Ni da bakina na miƙe a taron nan na ce na'ura ba ta ƙarya, ba ta cin tumatir. Aka yi dariya, na ji daɗin kaina.

Lambobin ƙofa uku ne. Sifili a rufe, ɗaya a buɗe, biyu a buɗe rabi. Wannan rabin yana da tarihi. Ran Talata mutanen sama duk kasuwa suke ci, ba mai tsayawa ban ruwa, don haka tun zamanin iyayensu aka shirya cewa ranar a bar babbar ƙofar sama rabi, ragowar ruwan ya gangara ya isa ga mutanen wutsiya, waɗanda sauran ranaku sai dai su ga laima. Rabin Talata ake ce masa. A can ƙarshen wutsiyar akwai Baba Mande, dattijo mai albasa, wanda duk abincin gidansa na shekara a kan rabin nan ya rataya.

Saƙonnin manoma kuwa ba ni na tsara su ba. Dattawan kwamiti sun yi zama uku a kan gaisuwa kaɗai. Akwai ta ranar Juma'a, akwai ta bayan Sallah, akwai wadda ake sakawa idan an yi wa mutum rasuwa, kuma kowa da yadda ake kiransa, wani Alhaji, wani Liman, wani Baba. Sai na zuba su duka a fayil daban, yadda sakatare zai iya gyarawa ba sai an nemo ni ba. Shekara shida abin yana tafiya lafiya lau, har aka manta da ni, wanda a sana'armu shi ne babban yabo.

Sai ga shekarar da nake ba ku labari. Wata ƙungiyar tallafi ta ce za ta sa musu sababbin ƙofofin ƙarfe, amma sai an duba manhajar an tabbatar tana da inganci. Suka turo wani matashin injiniya, Nasir, mai ladabi da farar riga. Ya kwafi aikina ya saka shi a manhajar bincike, irin wadda ke karanta rubutunka ba tare da ta kunna shi ba. Ni Duba-gari nake kiranta, don halinsu ɗaya da duba-garin nan mai bin gidaje duba tsabta da kakanninmu ke ba da labari. Ba zai sha ruwan randarka ya ji ko da daɗi ba, leƙawa kawai zai yi ya rubuta ka. Kuma kada ku ce na raina ta. Ta taɓa kama mini kuskuren gaske da na kwana biyu ina nema. Matsalarta ba ta san bambancin ɓarawo da mai gida ba, kowa ta gani da tsani ihu take yi.

Shafi goma sha huɗu Nasir ya buga, jan layi tun daga sama har ƙasa. Na zauna na karanta su ɗaya bayan ɗaya, na ga ƙorafi uku ne take ta maimaitawa kamar mai tallan gishiri. Na farko, wai na saka buliyan a gurbin lamba. Ƙarya ce, domin yaren da kansa yake mayar da e ya zama ɗaya, a'a ya zama sifili kafin ya cike gurbin, kuma ko ɗan wata uku a sana'a ya san haka. Na biyu, wai ina yi wa kwanon lamba tambayar e-ko-a'a, alhali haka yaren ya yarda a yi tun kafin a haifi wanda ya rubuta ta. Na uku, wai jimlolina masu gurbi daga fayil suke zuwa, ita ba ta gansu ba, don haka wani mugu zai iya cusa abin ɓarna a ciki. Mugun da ake tsoro shi ne sakatarenmu, wanda yatsa ɗaya yake bugu da shi, a ofishin da makullinsa ke aljihun Alhaji Bawa.

Na yi wa Nasir wannan bayani tiryan-tiryan. Abin da ya fi ba ni haushi, bai musa ba.

"Wallahi Malam Sani gaskiyarka," in ji shi. "Duk na gani, babu na gaske ko ɗaya. Amma dubi takardar da aka ba ni."

Na duba. Tambaya ɗaya ce, da akwati biyu a gabanta. Shin gargaɗi ya zama sifili? E ko a'a. Na ce to akwai alamar da ake sakawa a gefen layi a ce wa Duba-gari na gani, yi shiru. Ya ce an hana, a wurinsu wannan ɓoye laifi ne.

Alhaji Bawa bai iya karanta rubutun ba, amma ya san jan biro tun daga firamare. Ya ɗaga takardun yana kaɗa su a gaban kwamiti.

"Malam Sani, ashe shekara shidda da abu mai cuta muka rabon ruwa?"

"Ranka shi daɗe, ba cuta ba ta. Na'urar ta ka ƙarya."

"Yau kuma na'ura ka ƙarya? Ba kai da bakinka kac ce muna ba ta ƙarya ba, ran da munka amshe hukunci ga hannun Garba?"

Baki shi ke yanka wuya. Aka ba ni mako guda in share jan layi duka, in ba haka ba ƙofofin ƙarfe su wuce wani reshe, kuma kowa zai san wanda ya jawo.

Aikin makon nan shi ne mafi muni da na taɓa yi, kuma shi ne kaɗai aka taɓa ɗaukata hoto saboda shi. Ƙorafin farko mai sauƙi ne, na bi layi-layi ina rubuta wa yaren abin da ya riga ya sani. Na uku ya fi cin rai. Dole jimlolin su bar fayil su dawo cikin manhajar yadda Duba-gari za ta gansu da idonta, kuma babu lokacin kwashe gaisuwar dattawa iri-iri. Na rubuta jimla ɗaya gajeriya ta kowa da kowa, suna, sannan "ruwanka gobe." Na ce a raina bayan an tafi na mayar.

Na biyun kuwa, a nan gajiya ta yi mini wayo. Kwanukan lambar da take ƙorafi a kansu suna da yawa, na buɗe goma na farko na ga duk e-ko-a'a ne na gaskiya, ko manomi yana nan, ko an aika saƙo, da makamantansu. Sai na ba kwamfuta umarni ɗaya ta mayar da su duka buliyan. Kwanon ƙofa yana cikinsu. Shi kuwa buliyan idan ka zuba masa biyu ba ya ƙi, ba ya ƙorafi, sai ya karɓa ya mayar da ita ɗaya. Da Malam Isiyaku yana raye ya ɗora yatsa a layin nan, da na gani. Duba-gari dai ta duba ta ce babu laifi ko ɗaya. Muka gwada ran Alhamis, ƙofofi suka buɗe suka rufe daidai. Nasir ya sa alama a akwatin e, aka yi addu'a, aka sha lemo. Babu wanda ya gwada Talata, don mu ma ran Talata kasuwa muke.

Washegarin fitar sabon saƙo, kafin in gama karin kumallo ofis ya cika. Wani Liman daga sama ya miƙo mini wayarsa da yatsa biyu kamar ya ɗauko mushe.

"Malam, wanga saƙo na ko sammaci? Ba sallama, ba an kwana lahiya, sunana tsirara awa na yaro?"

Wani ya ce shi ba zai karɓi ruwan da aka kira shi gare shi haka ba. Wani ya ce surukinsa ya gani. Kusan mako uku ba ni da aiki sai ba da haƙuri da mayar da gaisuwar dattawa cikin saƙonni ɗaya-ɗaya ta hanyar da ba za ta ta da Duba-gari ba, domin ƙofofin ba su iso ba tukuna, ana tsoron a dawo a sake dubawa. Da na ga dattijo ya doso ƙofa na san abin da ya kawo shi, har amsar ta zauna mini a baki.

A cikin wannan layin Baba Mande ya zo, ran Laraba, da kekensa. Tafiyar ba kusa ba ce. Ya cire takalmi ya zauna a tabarma, ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali da yara da sanyi da aiki, ya yi mini barka da ƙoƙari. Yana da wannan halin na mutanen da, wanda ba ya ɗora buƙatarsa a kan mutum sai ya share mata wuri. Can ya gyara murya.

"Malam Sani, dama batun saƙon ga na jiya Talata na yak kawo ni."

"Baba, an sani, ana kan gyara," na ce, idona yana kan kwamfuta. "Ka yi haƙuri, kwana kaɗan komi shi koma yadda yake."

Sai ya ce, "To, tunda an sani, Allah shi taimaka." Ya sa takalminsa ya hau keke. Ni ina nufin gaisuwa, shi kuwa ya tafi da tabbacin cewa mai na'ura ya san ruwansa bai zo ba. Lokacin kuwa albasa ta fara yin kai, zafi ya fara shigowa, lokacin da ko mako ɗaya ba ta yafe ƙishirwa.

Talata uku aka yi haka. Saƙo ya je wa Garba cewa babbar ƙofar sama ɗaya, ya buɗe ta gaba ɗaya, ruwa ya cika gonakin mutanen da ke can kasuwa suna cinikin shanu, ya tumbatsa ya bi kwari. Wutsiya ko ɗigo. Ran Juma'a bayan an sauko masallaci Garba ya tare ni yana sosa ƙeya.

"Malam, in tambaye ka mana. Hala kwamiti ya soke rabin Talata na?"

"Wa ya soke? Wace irin magana ce wannan?"

"To ai sati ukku ke nan waya na ce min ɗaya."

Na ce, "Garba, kana gani ruwa na bin kwari, kak kasa yin magana?"

"Ni wa? Ku kunka ce in aje kaina gida in bi waya. Da na rage ƙofar ga da hannuna, da yanzu an ce Mande ya kai min albasa."

Gaskiya ya faɗa. Na wuce ofis ko gida ban biya ba. Gyaran bai kai minti biyar ba. Na mayar da kwanon ƙofa na lamba, biyu ta koma biyu, Duba-gari kuma nan take ta ja jan layinta a wurin, ta ce kuskure ne. Na bar mata shi. A makon ne ƙofofin ƙarfe suka iso, tare da takardar shaida mai hatimi da ke cewa manhajarmu ba ta da aibi ko ɗaya. Alhaji Bawa ya sa aka yi mata gilashi aka rataye a bango. Da na gaya masa abin da ya faru ya yi salati, ya ce ƙaddara ce, ya kuma roƙe ni kada maganar ta kai kunnen masu tallafi.

Ran Asabar na hau babur na bi bakin reshen har ƙarshensa. Tun daga nesa na ga bambanci, sama kore shar, wutsiya kuwa ganye ya kwanta ya yi ruwan ƙasa tun lokacinsa bai yi ba. Na sami Baba Mande a tsugune a cikin fangali. Ya miƙe ya tarbe ni, ya kuma yi mini gaisuwar nan tasa cikakkiya, bai rage ko ɗaya ba, ni kuwa kowace tambaya kamar mari nake jinta. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na faɗa masa komai, ban laɓe bayan Nasir ko Alhaji ba. Ya saurara har na gama.

"Bari in gane," in ji shi. "Ita na'urar tac ce aikinka da kuskure."

"E, Baba."

"Kai kuma ka san babu."

"Na sani."

"Kag gyara abin da ba shi lalace ba, don ta yi shiru."

"Haka ne."

Ya jinjina kai. Ya sunkuya ya tuge albasa ɗaya, ya karkaɗe ƙasar a gwiwarsa. Ba ta fi goro girma ba. Ya kama hannuna ya saka ta a tafina, ya naɗe yatsuna a kanta da nasa hannun mai kaushi.

"Kai mata wagga," ya ce. "Ta duba muna ko da kuskure."

Ya raka ni har inda na ajiye babur, ya ce in gaida gida. Da rani ya zagayo bai dasa albasa ba. Wani daga mutanen sama ya karɓi gonar aro ya zuba shinkafa, shi kuma Baba Mande aka riƙa ganinsa ran Talata a kasuwa, yana tsaron buhunan albasar wasu.